Jarumina ya fi ƙarfin labarina: yaya ake tsara baiwar wuta, ruwa, iska da ƙasa?

Ummu_Sultana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da kuka, don Allah manya a taimaka. Wata na bakwai ke nan ina rubuta wani labarin yaƙi, duniyar da na ƙirƙira da kaina, masarautu huɗu, kowace da baiwarta: wuta, ruwa, iska, ƙasa. Jarumina Mazadu an haife shi da duka huɗun. Da farko masu karatu sun so abin sosai, kullum ana ta sharhi. Yanzu ina shafi na 61, sharhin ya koma "mun gode" kawai. Jiya wata ta fito ta ce min, "Anti, ai mun san Mazadu zai ci, me za mu jira?" Wallahi maganar ta tsaya min a rai, don gaskiya ta faɗa. Ni kaina in na zauna rubutu ban san wa zan haɗa shi faɗa da shi ba. An turo masa rundunar wuta ya kashe da ruwa, an turo ta ruwa ya shanye da ƙasa. Yaya ake tsara irin wannan abu ya zauna daidai? Ko in kashe shi kawai in huta?

Ɗan_Tasha:
Kashe shi. Ni zan zo zaman makoki 😂

Baban_Zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗan_Tasha, a bari a yi magana tukuna. Ummu Sultana, kafin mutane su fara, amsa mana abu ɗaya: in Mazadu ya jefa wuta, me yake rasawa?

Ummu_Sultana:
Ban gane ba Baba. Rasawa kamar yaya? Yana ɗaga hannu ne kawai wutar ta fito.

Baban_Zaure:
To nan ciwon yake. Duk abin da ba ya cin komai a jikin mai shi, ba ya cin komai a zuciyar mai karatu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Naki jarumin yana cin zomo a zaune.

Malamin_Fiziks:
Bari in ɗora a kan maganar Baba da ɗan lissafi, ku yi haƙuri da halin malaman aji. Ɗauki jarka mai lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. Nauyin ruwan cikinta kilo 25 ne cif. In kina son ki tafasa lita ɗaya daga zafin ɗaki, ki ce digiri 25 zuwa 100, sai kin kashe kilokalori 75. In kuma so kike ta ƙone ƙurmus ta zama tururi, sai kin ƙara wajen 540. Jarka guda ke nan ta haura kilokalori 15,000. Namiji baligi yana cin abincin wajen kilokalori 2,500 a yini. Wato in zafin daga jikin Mazadu yake fitowa, ƙafar da jarka ɗaya tak zai cinye masa abincin kwana shida. Ke kuma na tabbata kin sa shi ya ƙafar da kogi.

Ummu_Sultana:
Tafki ne Malam, a shafi na 40 🙈

Malamin_Fiziks:
To da a ajina yake da tuni ya zama ƙwarangwal. Ba cewa nake ki bi lissafin nan sau da ƙafa ba, labari ne ba jarrabawa ba. Amma ki ga yadda abin zai ba ki labari kyauta: mayaƙin wuta kullum cikin yunwa yake, rundunarsu ba ta tafiya sai da ayarin jakuna ɗauke da gero da kilishi, kuma wanda ke son ya ci su da yaƙi ba sai ya tare su ba, rumbunansu zai ƙona.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Malam ka burge ni da zancen rumbu, amma ni ina da ja. Na sha karanta labaran da aka cika su da ƙa'ida har suka koma kamar littafin koyon tuƙi. Shafi uku ana bayanin mataki na ɗaya, mataki na biyu, launin kaza yana nufin kaza. Mu da muka tashi da tatsuniya a bakin kakanni, wa ya taɓa tambayar inda Dodo ya samo ƙarfinsa? Tsoron ma a rashin sanin yake. Ƙanwata, ki san dokokin ke kaɗai, ki rubuta a bayan littafinki na ajiya, amma kada ki zazzage wa mai karatu su gaba ɗaya. Ya gani a aikace.

Abu_Hanifa_Zariya:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa kullum huɗun nan? Duk wanda ya tashi sai wuta, ruwa, iska, ƙasa. Kwaikwayon katun ɗin Turawa ne kawai muke yi.

Ɗalibin_Zaure:
Malam Abu Hanifa, huɗun nan sun girmi katun da shekara fiye da dubu biyu. Wani masanin Girka, Empedokles, mutumin tsibirin Sisili, shi ya fara jera su a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai Aristotal ya zo ya ba kowanne siffa biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Daga nan likitocin Musulunci suka ɗauka suka faɗaɗa. Ibn Sina, wanda ya kammala babban littafinsa na likitanci a 1025, a kan wannan ya gina bayanin ɗabi'un jiki: safra'u (rawayar matsarmama) da wuta, jini da iska, balgam (majina) da ruwa, sauda'u (baƙar matsarmama) da ƙasa. Ta hannun malamanmu abin ya iso mana tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Shi ya sa har yau za ka ji tsohuwa ta ce wannan abincin mai zafi ne, wancan yana sa sanyi, ba kuma zafin tukunya take nufi ba.

Abu_Hanifa_Zariya:
Na karɓi gyara a kan tarihin. Amma ka rantse Ummu Sultana daga Ibn Sina ta ɗauko?

Ummu_Sultana:
A'a kam, daga katun ɗin da yarana ke kallo ne, ba zan yi ƙarya ba 😅

Ɗan_Maƙera:
Ku ba ni wuri in yi magana, don ni a cikin wuta na tashi. Gidanmu ƙira muka gāda. Abin da ke ba ni dariya a labaran nan shi ne yadda ake raba wuta da iska kamar kishiyoyi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wuta ba ta da wani ƙarfi sai da iska. Tun ina shekara bakwai aikina ke nan, zuga. Ka zauna a ƙasa, zuga-zugi biyu na fatar akuya, ɗaya a kowane hannu, ka danna dama ka saki hagu, ka danna hagu ka saki dama, kada numfashin ya yanke. In ka yi sanyi gawayin ya yi ja kawai, ƙarfen ba zai yi laushi ba. In ka dage sai ka ga tsakiyar wutar ta koma ruwan ɗorawa, tana neman fari, ƙarfen ya fara tartsatsi. A nan Babanmu zai cafko shi da awartaki ya aza a kan uwar maƙera, masaba ta fara sauka. Ba ya ma kallona, da kunne yake sanin na gaji, sai dai in ji "Kai!" Kuma ba kowane gawayi ba, na ƙirya yake nema, don shi ke riƙe wuta ba ya saurin zama toka. In an gama a tsoma a kaskon ruwa, ya yi "cuuu", ƙarfen ya yi tauri. Ita kuma tamar da kakanninmu ke narkawa daga ƙasa ake haƙo ta, murhun narkin ma da yumɓu ake gina shi.

To ku ƙirga: fartanya ɗaya sai da ƙasa, iska, wuta da ruwa suka taru a kanta. Da ni ne ke, Hajiya, ba zan ba mutum ɗaya duka ba. Zan sa mai wuta ya zama ba ya iya komai sai da mai zuga a bayansa. Mayaƙi biyu ne a haɗe, ɗaya ana yi masa kirari, ɗayan ba wanda ya san sunansa. Ranar da mai zugar ya yi fushi fa?

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Kai! Ɗan_Maƙera, wannan ai labari ne sukutum ka bayar kyauta. In Ummu Sultana ba ta ɗauka ba ni zan ɗauka.

Ummu_Sultana:
Anti Hajiya na riga ki, na ma kwafe 😂 Yaya Ɗan_Maƙera Allah ya saka da alheri. Tambaya: da gaske ne maƙera na kama jan ƙarfe da hannu?

Ɗan_Maƙera:
Ana wasan wuta, musamman in an yi naɗin Sarkin Maƙera ko wani babban biki, na gani da idona. Yadda ake yi kuwa, wannan ba zancen zaure ba ne. Abin da zai amfane ki shi ne, duk wanda aka ba irin wannan abu a gidajen sana'a, da sharaɗi ake ba shi. Kada ka ci kaza, kada ka yi kaza. Ka karya, ya karye.

Bakatsine_Sak:
Wannan haka yake har wajen 'yan tauri. Kuma kowane asiri da makarinsa. Bahaushe bai taɓa yarda akwai abin da ba shi da lago ba. Dubi ma yadda namu suke, kowanne aiki ɗaya yake yi: tauri ƙarfe ne ba ya kama ka, amma bai hana sanda ta fasa maka kai. Baduhu ɓacewa ce, sagau hannun mai dukanka ne zai sage. Ba wanda aka ce yana da duka. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Nana_Tokyo:
Tunda Abu Hanifa ya ce kullum huɗu, bari in kawo na Sin, su biyar ne kuma babu iska a ciki: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Abin da ya fi burge ni, zagaye biyu suke da shi. Na haihuwa: itace yana ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya raya itace. Na rinjaye kuma: itace ya keta ƙasa, ƙasa ta tare ruwa, ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Kowanne yana da uwa, yana da ɗa, yana da wanda yake tsoro da wanda ke tsoronsa. In kika ɗora masarautu a kan wannan kin samu siyasa ba tare da wahala ba, don kowa ya san wa zai aura wa 'yarsa da wa zai kwana da ido ɗaya saboda shi. Indiyawa ma biyar ne, amma su huɗun nan ne da sarari.

Ɗan_Tasha:
Ƙarfe ya haifi ruwa? Famfo ke nan 😂

Nana_Tokyo:
Ka bar kwanon ƙarfe a waje da daddare lokacin raɓa, ka duba da asuba.

Malam_Sani_Mai_Nasiha:
Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in tunatar da mu, sihiri ba abin wasa ba ne. Yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi bayani a fili. Yanzu mu zauna muna tsara wa yaranmu yadda jarumi zai mallaki iska da ruwa, alhali Allah kaɗai ke juya su? Ina tsoron a wayi gari yaro ya ɗauka abin burgewa ne.

Ɗalibin_Zaure:
Allah ya saka wa Malam. Tunatarwa ce mai kyau. Sai dai ba da labarin abu daban, koyar da shi daban. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu. Inda nake ganin haɗarin yake shi ne marubuci ya ɗauko abin gaske ya saka: hatimi, ɗalasimai, sunayen da masu bugun ƙasa ke kira, ko ya sa aya a bakin boka. Ai su ma masu ramli da huɗun nan suke aiki, kowane gida layi huɗu ne, na wuta, na iska, na ruwa, na ƙasa, haka masu ilimin haruffa sun raba haruffa 28 kashi huɗu, bakwai-bakwai. Wannan ne zan ce wa 'yar uwa ta yi nesa da shi. Ta ƙirƙiri nata wanda ba ya kama da komai da wani zai gwada.

Ummu_Sultana:
Malam na gode, kuma wallahi abin ya dame ni tun farko, shi ya sa ban taɓa rubuta kalmar tsafi a kan Mazadu ba. Baiwa nake cewa. Ba ya yanka, ba ya kiran kowa, ba ya durƙusa wa komai. Mugayen ne ke da bokaye.

Malam_Sani_Mai_Nasiha:
To Alhamdulillah, da sauƙi. Amma ban janye duka ba. Sauya suna ba ya sauya abu. Ki dai lura da abin da labarin ke ɗaukakawa.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Ni ma na taɓa shiga wannan. Shekarun baya na sa wata jaruma mai kiran guguwa, sai ga wata baiwar Allah ta bi ni har ta waya tana cewa bori nake tallatawa. Da na duba sai na ga laifina ne, don na rubuta "iskokinta suka taso", ni ina nufin iskar da ke kaɗawa, ita kuwa ta fahimci mutanen ɓoye. A Hausa kalmar iska tana da nauyin da ba ta da shi a wasu harsuna. Ka ce mutum yana da iska, ka ce ɗan iska ne, ka ce iska ta taso, magana uku ke nan mabambanta. Don haka masarautarki ta iska, ki yi tunanin sunan da za ki ba mutanenta tun wuri.

Ɗan_Tasha:
Masarautar 'Yan Iska. Ni na san hedikwatarta ma 😂😂

Baban_Zaure:
Ɗan_Tasha, gargaɗi na ɗaya.

Ummu_Sultana:
Sunayen da na sa su ne Fayaron, Akwariya, Windas da Taraniya.

Bakatsine_Sak:
Innalillahi. Hajiya wannan ai sunayen magungunan sauro ne.

Abu_Hanifa_Zariya:
Kun ga abin da nake faɗa ɗazu? Ɗalibin_Zaure ya kare ta da Ibn Sina, ga shi nan ta fito da Windas. Ga kalmomi zube a harshenmu ba mai ɗauka. Wuta kaɗai: garwashi, rushi, tartsatsi, harshe, toka, gobara, ƙuna. Ruwa: raɓa, yayyafi, marka, ambaliya, ƙorama, gulbi, idon ruwa. Ƙasa: turɓaya, yumɓu, rairayi, jigawa, fadama, marmara, laka. Kowace kalma a nan matsayi ce ko dangi. Garwasawa, Raɓawa, Jigawa ma ga ta nan an riga an yi. Sarautu kuma ki bi tsarin da muka sani: Sarkin Zuga, Magajiyar Raɓa, Madakin Toka. Mai karatu zai ji kamar ya taɓa jin su a bakin maroƙi.

Ɗan_Kabi:
Ni daga Argungu nike, kuma abin da Ɗan_Maƙera ya faɗi game da ƙira haka shike ga ruwa. Mu nan muna da Sarkin Ruwa, kuma ranar bikin kamun kifi ba mai faɗawa gulbin Matan Fada sai ya riga ya shiga ya yi abin da ya gāda. Bikin ga yadda aka san shi yanzu tun 1934 ne, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, amma sarautar ruwa da sanin ruwa sun girme shi nesa. Abin da nike so ki gane, masunci ba ruwa yake ba umurni ba. Sanin shi ya yi. Ya san inda gurbi yake, ya san inda kada ke kwana, ya duba launin ruwa ya gaya miki ko giwan ruwa na ƙasa. Ya hau gora da homa a hannu ya yi shiru kamar ba ya numfashi. In za ki yi mutanen ruwa, ki sa su zama masu haƙuri da saurare, kuma ki sa ƙarfinsu ya tsaya ga ruwan da sunka sani. Mai gulbin Kabi in an kai shi Tafkin Chadi baƙo ne.

Ummu_Sultana:
Wannan na ƙarshen ya buɗe min kai. Wato baiwar tana da gida.

Damagaram_Ɗiyar_Sarki:
Sannunku da hira. Tun ɗazu ina jira wani ya ambaci lokaci, ba wanda ya yi. Ɗalibin_Zaure ya ce iska zafi da danshi ce. Wace iskar? Ta ƙasar Girka dai, inda ruwansu ke sauka lokacin sanyi. Mu nan iskar da muka fi sani hunturu ce, sanyi da bushewa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ka shanya wanki kafin ka juya ya bushe. Kuma ba iska ce zalla ba, ƙasa ce ke tafiya a sama. Yawancin ƙurar daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe. A jadawalin Aristotal sanyi da bushewa siffar ƙasa ce, kun ga ashe hunturu ɗan ƙasa ne da ya ari rigar iska.

To me zai hana ƙarfin ya riƙa zagayawa da shekara? Bazara ta masu wuta ce, damina ta masu ruwa, hunturu na masu ƙura. Kowace masarauta tana da wata uku da take tashe da wata uku da take ɓuya. Mai ruwa a watan Maris abin tausayi ne, ko raɓa babu da zai kama, sai abin da ya ɗauko a salka. Sai ya zama duk yaƙin lissafin kwana ne: a ja su da magana har hadarin farko ya haɗo daga gabas.

Malamin_Fiziks:
Ɗiyar Sarki kin gama magana. Da hunturu danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa ya haura 70. Mai jan ruwa daga iska zai ji bambancin a jikinsa. Kuma ga wani abu mai ban tsoro: jikin mutum wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne. In mai ruwa ya rasa ruwa a fili, ina zai nema?

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Subhanallah. Malam wannan ai shi ne mugun labarin. Wanda ya fara ja daga jikin mutane, shi ne wanda aka kora daga masarauta.

Nana_Tokyo:
Kaka fa? Kun ba bazara, damina da hunturu, kun bar kaka ba mai ita.

Damagaram_Ɗiyar_Sarki:
Kaka ta masu iska ce mana, lokacin sheƙa. Ba a raba tsaba da ƙaiƙayi sai da ita.

Bakatsine_Sak:
A'a, ni ban yarda ba. Kaka ta ƙasa ce, lokacin da take biyan abin da aka ba ta. Hunturu a bar wa iska kayanta. Ke kin ce ƙura ce, to wa ya ɗauko ƙurar?

Damagaram_Ɗiyar_Sarki:
Jaki ma na ɗaukar gishirin Bilma, bai sa ya zama gishiri ba.

Bakatsine_Sak:
Raƙumi dai. Jaki bai keta hamadar Tenere.

Damagaram_Ɗiyar_Sarki:
Ka ci wannan, amma hunturu na nan wurin ƙasa.

Ɗalibin_Zaure:
Ku bar shi a haka ma ya fi daɗi. A sa masarautun biyu su kansu suna wannan gardamar shekara ɗari, kowa na cewa hunturu nasa ne. Ga dalilin gaba ya samu.

Zongo_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan daji ne da ruwa kusan duk shekara, in an bi tsarin Ɗiyar Sarki masu wuta ba za su taɓa cin zaɓe a nan ba. Ina ganin Sister Ummu ta zana taswira tukuna, ta san ina ne hamada ina ne kurmi, kafin ta raba baiwa. Kuma ni ina goyon bayan a sa itace ko ƙarfe na biyar. Huɗu ya cika daidaituwa, biyu da biyu, ba mai raba gardama.

Ɗan_Maƙera:
Ƙarfe ba na biyar ba ne, ɗan huɗun ne, na faɗa a sama. Shi ya sa a ganina shi ya kamata ya zama makarinsu duka. A ce duk mai baiwa in an sa masa marin ƙarfe a ƙafa, shi ke nan ta mutu. Sai maƙera su zama ba su da baiwa ko ɗaya amma kowane sarki na tsoronsu. Ai ko Kano, ana cewa neman tama ne ya kawo maƙeran farko gindin Dala.

Ɗan_Tasha:
Kowa dai gidansu yake ja wa sarauta. To ni ma a sa masarautar 'yan kamasho.

Ummu_Sultana:
Jama'a na rasa bakin godiya. Amma fa har yanzu matsalata ta farko na nan. Na riga na rubuta shafi 61 Mazadu na da duka huɗun, masu karatu sun gani. Ba zan iya komawa in goge ba, an riga an tura ko'ina.

Baban_Zaure:
Ba sai kin goge ba. Bashi ne ya ci, yanzu za a zo karɓa. Ki ce duk abin da ya yi tun shafi na 1 akwai inda ake cira, shi bai sani ba. Tafkin da ya ƙafar a shafi na 40, wani ƙauye ne ke sha a ciki.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Ko kuma mai zugar nan. A ce tun farko akwai wanda ke zuga masa bai sani ba, wata ƙanwa ko bawan gidansu da kullum ke rashin lafiya duk ranar da ya dawo daga yaƙi. Kin taɓa sa wani mai yawan ciwo a labarin?

Ummu_Sultana:
Wayyo Allah. Akwai ƙanwarsa Dela, na sa mata ciwon ƙirji tun shafi na 5, don kawai a tausaya masa na sa. Anti Hajiya jikina har ya yi sanyi.

Malamin_Fiziks:
Ciwon ƙirji kuma? Numfashi ke nan. Kin rubuta mai zuga ba ki sani ba.

Abu_Hanifa_Zariya:
Ni dai a sauya Windas.

Ummu_Sultana:
Zan ce sunan da baƙi ke kiransu ne, su kuma suna da nasu na asali 😅

Malam_Sani_Mai_Nasiha:
In ya gane ƙanwarsa yake ci, ya ajiye baiwar ko ya ci gaba? Nan nake jiran ki.

Ummu_Sultana:
Wallahi Malam ban sani ba tukuna. In ya ajiye, masarautarsu za ta faɗi, don an shiga bazara kuma rundunar wuta na bakin ganuwa.

Bakatsine_Sak:
Wata nawa ya rage hadari ya haɗo?

Ummu_Sultana:
Ban taɓa faɗar watan da ake ciki ba a labarin. Bari in je in duba ko na ambaci mangwaro a wani wuri.

Ɗan_Kabi:
In kin duba ki gaya muna. Kuma tafkin ga na shafi na 40, da kifi ciki ko babu?